Kwamfutar Da Aka Bari A Kunne: Shawarwari Ga Gidajen Gure

Garin Gure yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta fito daga Damagaram ta miƙe gabas zuwa Diffa, kuma mazauninsa ya san wutar lantarki ba abin almubazzaranci ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kowa ya kunna fanka, buƙata ta fi ƙarfin abin da ake samu. Ba a kuma manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. A tsakanin nan gidaje da yawa a ƙasar suka koma ga farantin sola da batir, inda ake ji a jika in an ɓarnatar da wuta, domin dare bai raba ba fitila za ta mutu.

Kwamfuta kuwa ta shiga gidaje. Malamin makaranta yana buga jarrabawa da ita, ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya zo hutu da tasa, mai shagon buga takardu yana da biyu ko uku. Yawancinsu sukan wuni a kunne ba mai taɓa su, alhali kowace tana da dabarar gane cewa an tashi an bar ta. Ga yadda za a sa dabarar ta yi wa gida aiki.

1. Ku fara sanin abin da na'urar take lura da shi. In ban da wasu sababbi masu tsada, kwamfuta ba ta ganin mutum. Abu biyu take sauraro, madannai da linzami. Duk sanda aka danna harafi ko aka motsa linzami, sai ta riƙe lokacin, ta sake ƙirga daga sifili. A Windows akwai wata kafa mai suna GetLastInputInfo da kowace manhaja za ta iya tambaya ta ji yaushe rabon da a taɓa na'urar, Linux da Mac ma suna da irin tasu. Da wannan lissafi ne fuska take dusashewa, daga baya ta mutu, daga baya kwamfutar ta yi barci. Wato tamkar mai gadi ne da ke cikin ɗaki, ba ya ganin kowa, ƙarar ƙofa kawai yake ji. Shi ya sa take kuskure ta fuska biyu. Malam yana zaune yana karanta doguwar takarda bai taɓa komai ba, sai ta ɗauka ya tashi. Ya tashi ya tafi masallaci amma wani abu yana girgiza linzami, sai ta ɗauka yana nan. Wanda ya gane wannan zai daina cewa kwamfutarsa ta lalace.

2. Ku saita lokacin da hannunku. Yawancin kwamfutocin ƙasarmu da Faransanci suke magana. A Windows 10 ku shiga Paramètres, sannan Système, sannan Alimentation et mise en veille. A Windows 11 sunan ya ɗan sauya amma yana nan ƙarƙashin Système. Za ku ga lokaci iri biyu, na mutuwar fuska da na barci, kowanne kuma da na sanda take kan batir da na sanda take jone da wuta. Windows 10 takan zo da minti 10 na fuska da minti 30 na barci in tana jone. Wannan lissafin ƙasashen da wuta ba ta yankewa ne. Mafi muni, sau da yawa za ku tarar an sa Jamais, wato kada ta taɓa yin barci.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne fuska ta mutu bayan minti 3 a kan batir, minti 5 a kan wuta, barci kuma bayan minti 10 zuwa 15. Dalilina mai sauƙi ne: alwala da zuwa masallaci da dawowa sukan ci fiye da haka, cin abinci ma haka, ballantana baƙo ya yi sallama a zaure. In lokacin barcin ya kai rabin awa, duk waɗannan fita za su wuce kwamfutar tana ci gaba da shan wuta.

A yi lissafi a gani. Kwamfutar tebur da fuskarta sukan sha wajen wat 100, kwatankwacin ƙwan fitilar zamani guda 10 masu wat 10. In ana barinta awa 5 kullum ba aiki, a wata ta cinye kilowat-awa 15 a banza. Da barci take yi a waɗannan awoyi, wat 2 ko 3 kacal za ta riƙa ja, abin da ba zai kai rabin kilowat-awa a wata ba. Kada kuma a ce tawa tsohuwa ce, ba ta da wannan. Tun 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tambarin Energy Star don kwamfutoci da fuskokinsu masu rage shan wuta in an bar su, a 1996 kuma kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI da ya fayyace matakan barci. Duk wata ta hannu da ake sayarwa a kasuwa yau bayan wannan aka ƙera ta.

3. Ku bambance gajeren barci da dogon barci. A nan mutane suka fi yin asara, kuma a nan ne halin wutarmu ya sa shawarar da ake ba Turawa ba ta dace da mu ba. A gajeren barci, wanda ake rubuta Mettre en veille, kwamfuta tana riƙe aikinku a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ita kuwa wannan ƙwaƙwalwa sai da ƴar wuta take riƙe abu. Ana taɓa madanni ta farka nan take. Amma in aka ɗauke wuta tana cikin wannan hali, kuma ba ta da batir, duk abin da ba a adana ba ya tafi. A dogon barci, Mettre en veille prolongée, sai ta kwashe komai ta rubuta a faifan ajiya, ta mutu ɗungurungum. Ko an zare ta daga soket an kai ta Damagaram an dawo, in aka kunna za ta buɗe daidai inda aka tsaya. Illar dogon barci kawai ita ce ƴan daƙiƙu na jira wurin tashi.

Windows takan ɓoye dogon barci daga maɓallin kashewa. Don fito da shi ku shiga Panneau de configuration, ku zaɓi Options d'alimentation, sannan Choisir l'action des boutons d'alimentation. Ku danna layin da ke sama mai ba da izinin canza saitunan da aka kulle, ku sa alama a gaban Veille prolongée, ku adana. Mai kwamfutar tebur ya kuma duba saitunan ci gaba na wannan wuri ya tabbata veille hybride tana kunne. Ita tana haɗa biyun ne: tana riƙe aiki a ƙwaƙwalwa don saurin tashi, tana kuma ajiye kwafi a faifai saboda ɗaukewar wuta. A wurin ne kuma ake saita ta wuce daga gajeren barci zuwa dogo da kanta, a ce bayan awa ɗaya.

Kwamfutar cinya ma kada a yarda da ita ido rufe. Da yawa daga cikin na hannu batirinsu ya riga ya mutu, ana zare caja suke mutuwa, don haka hukuncinsu ɗaya da ta tebur. Mai son sanin gaskiyar tasa ya buɗe Invite de commandes ya rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yau. In ya yi ƙasa da rabi, dogon barci ne naku.

4. Ku kashe hotunan nan masu yawo a fuska in an bar kwamfuta. An ƙirƙiro su ne saboda tsofaffin fuskoki masu ƙeya, waɗanda hoto yake ƙona su in ya daɗe wuri ɗaya. Ba sa rage wuta ko kaɗan, domin fitilar fuskar tana nan a kunne, wasu ma ƙara wa injin aiki suke yi. Yara suna son kallon kumfa masu launi suna shawagi, amma batirin gida ne yake biya. Haka kuma a rage hasken fuska zuwa rabi in ana cikin ɗaki, don a kwamfutar cinya fuska tana cikin abubuwan da suka fi cin batir.

5. In an saita komai amma ta ƙi barci, ku fara zargin linzami. Ku tsaya ku zuba wa ƴar kibiyar da ke fuska ido na minti ɗaya, hannunku a cinya. Wani lokaci za ku ga tana rawa ita kaɗai, tana ɗan gusawa gefe ta dawo. Linzamin zamani da ɗan jan haske yake karanta abin da ke ƙarƙashinsa. In an ɗora shi kan ledar tebur mai sheƙi, ko gilashi, ko tabarma mai tudu da kwari, ko kuma wani silin gashi ko ƙwayar rairayi ya maƙale a ramin hasken, sai ya riƙa aika saƙon motsi ba wanda ya taɓa shi. Tebur mai ƙafa ɗaya gajera da fanka ke kaɗawa ma yakan jawo haka. Kowace rawa tana mai da ƙirgen sifili, har gari ya waye fuska ba ta mutu ba. A garin da rairayi yake shigowa har ƙarƙashin ƙofa, wannan ba abin mamaki ba ne. A juya linzamin a busa ramin, a goge da tsumma, a shimfiɗa masa kwali ko bangon littafi marar sheƙi.

In kuma tana yin barcin amma da an ɗan bugi tebur sai ta farka, ku shiga Gestionnaire de périphériques, ku buɗe linzamin, a shafin Gestion de l'alimentation ku cire alamar da ta ba shi izinin tayar da kwamfuta. Daga nan sai madannai ko maɓallin kunnawa ne za su tashe ta.

Linzami in ya fita daga zargi, saura manhajoji. Windows ta ba su damar su ce mata kada ta yi barci, kuma da dalili: ba wanda zai so fuska ta mutu yana tsakiyar kallon fim. Matsalar ita ce wasu ba sa janye roƙon. Bidiyon YouTube da aka bari a wani shafi, ko manhajar sauti da ba a rufe ba, sun isa su hana ta rintsawa. Ku buɗe Invite de commandes a matsayin mai iko da na'ura, ku rubuta powercfg /requests, za ta lissafo sunan duk abin da ya riƙe ta. In da dare take farkawa ita kaɗai, powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tashe ta na ƙarshe.

6. Sanda ake son ta yi aiki ba kowa a gabanta, a ɗaga lokacin barci kawai, a bar na fuska yadda yake. Ana sauke babban fayil daga intanet, ko ana kwafe hotunan biki zuwa faifai, ko ana buga shafi ɗari: wasu manhajoji sun san su hana barci har su gama, wasu ba su sani ba, sai a dawo a tarar aiki ya tsaya a rabi, kuɗin data ya tafi. To a ranar a ƙara lokacin barci zuwa awa biyu, fuska kuwa ta mutu abinta, ba ta da hannu a aikin. In an gama a mai da shi. Yawancin Jamais ɗin da ake tararwa a kwamfutoci daga irin wannan rana ta samo asali, aka manta ba a gyara ba.

7. Kada a rufe murfi a jefa cikin jaka. Wasu kwamfutocin cinya na zamani barcinsu ba nauyi, sukan ci gaba da ƴan ayyuka ko su farka a cikin jaka. Ba iska, ga zafin mota a hanyar Damagaram, sai a fito da ita kamar an gasa, batir ya ƙare. Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar irin wannan batir. A wurin da aka fito da dogon barci akwai saitin abin da rufe murfi zai yi: a kan batir a zaɓi Veille prolongée. Kafin a sa a jaka a jira ƴar fitilar gefe ta mutu.

8. Waya ma ƙirge take yi. A Tecno ko Itel ko Infinix, ku shiga saitin fuska ku sa ta mutu bayan daƙiƙa 30. Tun daga Android 6, wadda ta fito a 2015, waya tana da tsarin da ake kira Doze: in fuska a kashe take, ba ta kan caji, kuma tana ajiye wuri ɗaya, sai ta taƙaita wa manhajoji shiga intanet. Don haka wayar da aka ajiye aka ƙyale ta fi wadda ake ɗauka ana dubawa kowane minti biyu daɗewa da caji. Mai raba wa kwamfuta intanet daga wayarsa ya kunna saitin da ke kashe rabon in ba wanda ya jona. Wanda kuma zai shiga ƙauye ko ruga inda layi yake rauni, ya sani waya tana ƙara ƙarfi ne wurin neman eriya, batir ya zube ba a yi kira ko ɗaya ba. Gara a sa ta a yanayin jirgin sama, a buɗe in an zo inda layi yake.

9. Talabijin da dikoda. Dokar Tarayyar Turai ta sa talabijin su riƙa kashe kansu bayan awa 4 in ba a taɓa rimot ba, don haka yawancin na hannu da suka fito daga can suna da wannan saiti. Kada a cire shi don gargaɗin da yake fitowa ya dame ku. Dokar can ta kuma ƙayyade wutar da kayan gida za su ja in suna jiran a kunna su: wat 1 daga 2010, rabin wat daga 2013. Saboda haka ƴar jar fitilar sabon talabijin ba ita ce ɓarauniyar ba, haka ma cajar waya da aka bari a soket, duk da faɗan da ake yi wa yara a kanta. Dikoda ce abin dubawa. Wasu ko an kashe su da rimot kusan daidai da a kunne suke sha. Ku ɗora hannu a kanta da safe kafin a kunna: in da ɗumi, ta kwana tana ci. A haɗa talabijin da dikoda da lasifika a doguwar soket ɗaya mai makunni, a kashe daga can. Wannan yana da wani amfanin, domin sanda aka dawo da wuta takan zo da ƙarfi ta ƙona abin da ta tarar a jone.

10. Masu sola, ku lura da inbata. Ita ce na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket mai bolt 220, kuma tana shan nata rabon muddin tana kunne, ko da ba a jona mata komai ba. Ƙananan da ake sawa a gida sukan ja wat 10 zuwa 30 a haka, manya fiye. Ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100. A takarda wat-awa 1,200 ke cikinsa, amma batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, wato 600 ne naku. Inbata mai jan wat 20, in ta kwana awa 10 a kunne ba aiki, ta kwashe 200, kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da rana ta tara muku. Sai maigida ya ce an sayar masa da batir na jabu.

Wasu inbatoci suna da nasu tsarin gane zaman banza, yawanci an rubuta ECO a maɓalli ko a saiti. Sukan yi shiru, su riƙa leƙawa lokaci-lokaci ko an kunna wani abu. A kunna shi in akwai, amma a sani wani lokaci ba ya jin ƙaramin kaya kamar cajar waya guda. In babu, a kashe inbatar da hannu kafin a kwanta. Fitilu da fanka masu aiki kai tsaye da bolt 12 sun fi dacewa da dare, tunda ba sa bi ta inbata sam. Batirin kuma a ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma, ɗakin kwano a rufe a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda yake.

11. Lokacin hunturu ƙura takan toshe ramukan iskar kwamfuta, fankarta ta yi ta gudu tana ƙara. A riƙa busa ramukan, a rufe ta da zane bayan ta huce, kada a ɗora ta cinya a kan katifa ko darduma.

12. Fanka da fitila da inbata ta gargajiya ba su da ƙirgen komai, sai mutum. A kowane gida a ɗora wa mutum ɗaya, ko uwargida ko babban ɗa, ya zama shi ne mai zagayen ƙarshe bayan sallar isha'i da kuma in za a fita. Aikin da aka bar wa kowa ba wanda yake yinsa. A shagon buga takardu ma maigida ya gaya wa yaronsa a fili: in ba mai jiran aiki, injin kwafi da na buga takarda su koma barci, domin irin masu amfani da garin tawada suna da abin ɗumama a ciki, kuma shi ne mai cin wuta.

Ku kuma masu gyaran kwamfuta da masu sayar da na hannu, a Gure da Damagaram, yawancin masu sayen ba za su taɓa buɗe waɗannan saituna ba, yadda kuka miƙa musu haka za su yi ta amfani da ita shekaru. Don Allah kafin na'ura ta bar teburinku ku cire Jamais, ku fito da dogon barci, ku nuna wa mai ita inda yake. Aikin bai kai minti biyar ba.